Kuskuren Shekara Talatin da Takwas

A garinmu Castarlo tun yaro bai iya ɗaure takalmi ba yake sanin cewa Konde Fortuño, wani basaraken dā, shi ne ya kafa wannan ƙasa tamu ta gindin dutse, Bishop Eneco kuma ya tsarkake cocinmu a shekara ta 1040. Ya kuma san kujerar katakon da ke bayan bagade ta Eneco ce, a kanta ya zauna kafin magadansa su kwashe ofishin bishop ɗin su gangara birni inda ba sanyi. Ni ma haka na koyar shekara talatin, don haka yake a littafin makaranta. Amma na karanta takardun dā da idona, na san rabin abin da ake faɗa game da konde-konden nan jikokinsu ne suka rubuta shi, lokacin da suke rigimar makiyaya.

A bazarar 1983 wasiƙa ta zo daga ofishin bishop. Za a ɗauke kujerar a kai gidan adana kayan tarihi, a kulle coci, shi kuma Mosén Prudencio, limaminmu, ya sauka birni gidan da ake ajiye tsofaffin limamai. Shekararsa arba'in da ɗaya a garin, ba shi da kowa a birni. An sa ranar Litinin mai zuwa.

Ranar Laraba da hantsi sai ga shi a ƙofar gidana da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ce Lorién mai kula da coci ne ya tsinta a bayan wani dutse da ya sassauce, yana gyaran yoyo. Ya ce idonsa ya yi rauni, Latin ɗinsa kuma na addu'a ne kawai, in taimaka in karanta masa.

Takardar fata ce. A ciki konde da bishop sun yi umarni kada kujerar ta bar Castarlo har abada, wanda ya taɓa ta kuwa tsinuwa ta bi shi. Rubutun ya yi kyau, har kyan ya yi yawa. Na kai ta hanci, na ji warin hayaƙi irin na ɗakin da ake rataye naman alade, alamar an turara ta ne don ta yi kamar tsohuwa. Na sauka layin ƙarshe inda ake sa shekara. An rubuta: era 1040.

Marubutanmu na wancan zamani suna da lissafinsu da suke kira era, wanda ya gabaci namu da shekara talatin da takwas. Duk wanda ya leƙa tsohuwar takarda ya ga kalmar a gaban lamba, amma ba kowa ya san aikinta ba. Era 1040 ita ce 1002 a wurinmu. A lokacin Eneco, in ma an haife shi, yana bin uwarsa rijiya, filin cocin kuwa garken tumaki ne. Na bayyana masa haka a hankali, ina jiran in ga fuskarsa ta faɗi.

Ba ta faɗi ba. Ya kurɓi kofi, ya dubi taga, sannan ya ce, "Doña Orosia, talatin da takwas ɗin nan, ƙarawa ake yi ko ragewa?"

"Wa ke tambaya, Mosén? Kai ko dutsen?"

Ya ce shi dai neman sani yake yi. Ya naɗe takardarsa ya tafi, ya bar rabin kofin.

Ranar Juma'a aka sake tsintar wata. Wannan karon a ƙarƙashin matakalar hasumiyar ƙararrawa, kuma an rubuta era 1078. Gari ya ɗauka. A dandali har ana cewa Eneco ne da kansa ya tashi tsaye don kujerarsa. Ba wanda ya ji labarin ta farkon.

Na tare Lorién a bakin famfo. Ɗalibina ne a dā, ɗan majemi, rubutun hannunsa ya fi na kowa kyau a aji, lissafi kuwa sai dai a yi masa addu'a. Na tambaye shi ko duwatsun coci sun koyi tarawa ne cikin kwana biyu. Ya ce shi bai san abin da malama take nufi ba. Na ce to ya wanke babban yatsansa, don tawadar gargajiya ta ƙwallon itacen oak ba ta fita da ruwa kawai. Ya cusa hannun a aljihu.

"Malama, kina so a kai tsohon nan birni ya mutu cikin baƙi?"

Ban so ba. Amma na san wanda za a aiko: Don Evaristo, mai kula da tsofaffin takardun ofishin bishop, wanda na zauna teburi ɗaya da shi a ɗakin karatu shekaru da dama. Ba ya buƙatar shekara ta nuna masa. Da ya shafa fatar zai gane. Sannan ba gidan tsofaffi kawai za a kai Mosén Prudencio ba, za a kai shi da sunan limamin da ya ƙirƙiro wa bishop takardar ƙarya.

Ranar Asabar da rana na shiga coci ba kowa. Na tsaya gaban igiyar da aka zagaye kujerar da ita. Tun ina yarinya ba a tsallake ta. Sai na tambayi kaina, ni da nake shinshina takardun mutane, yaushe na taɓa duba kujerar kanta? Na ɗage siket na tsallaka, na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na leƙa ƙarƙashi da tocila. Na daɗe a wurin. Tashin ma sai da na dafa kujerar bishop.

Litinin Don Evaristo ya iso, babbar mota na biye da shi. Rabin gari ya cika coci. Mosén Prudencio na tsaye da farin ƙyallensa a hammata, Lorién a bayansa. Kafin kowa ya buɗe baki na kama hannun baƙon, na ce tun da ya sha hanya, ya fara gaida abin da ya zo ɗauka, amma daga ƙasa. Ya ce har yanzu ban daina ba mutane aiki ba. Ya tuɓe hula ya durƙusa.

Abin da ya gani shi na gani: ƙusoshi masu murɗi, ƙirar masana'anta, da rubutun fensir a jikin katako, sunan wani kafinta da shekarar 1871. Ko ta asalin ta ruɓe ne, ko wani limami ya sayar da ita ya sa aka yi kwafi, ban sani ba, kuma ina zargin na biyun.

Don Evaristo ya miƙe yana kakkaɓe wando. Ya faɗi shekarar a fili, kowa ya ji. Sannan ya juya ya ce ya ji a hanya ana maganar wata takarda.

Mosén Prudencio ya matse ƙyallen a hammatarsa. "Ba wata takarda," in ji shi. "Surutun dandali ne."

Baƙon ya dubi ƙyallen, ya dubi hannun Lorién da ke cikin aljihu, ya dube ni. Ya ce madalla, don ba ya son karatu bayan doguwar tafiya. Ya ƙara da cewa gidan tarihi ba ya karɓar aikin kafintan ƙauye, maganar kulle coci kuwa zai rubuta a sake dubawa. Motar ta koma ba kaya.

Ba a sake dubawa ba, ba a kuma kulle cocin ba. Mutanen birni ba sa hawo mana dutse sai akwai abin ɗauka. Mosén Prudencio ya yi shekara bakwai bayan haka a ɗakinsa na jikin coci, a nan ya rasu, a nan aka binne shi. Cikin shekarun nan bakwai bai ƙara taka ƙofar gidana ba. Gari ma bai yafe mini tona asirin kujerar ba: a gidan burodi sai da aka yi wata uku ana sallamar kowa kafin a juyo kaina.