Gobara a Hanyar Bakin Teku

Sunana Losaline. Tun da muka baro Tonga muka zauna a wannan gari na New Zealand nake tuƙa bas, daga tashar jiragen ruwa zuwa unguwannin bayan dutse. Ƙanena Semisi kuwa ɗan kwana-kwana ne. Wata Lahadi muna cin abinci a gidan Mama bayan an tashi daga coci, ya ce za su shiga yajin aiki. Na ajiye cokali.

"To in gari ya kama wuta fa, wa zai kashe?"

"Yaya, motar da muke fita da ita sai an tura take tashi. Mun yi magana har bakinmu ya gaji."

Mama ta ce mu yi mata shiru, gwaza na hucewa.

Zaman da aka yi da hukumar birni bai haifar da komai ba, sai hukumar ta ɗauki nata matakin. Muddin ana yajin, ba bas ɗin da zai bi ta ramin da aka huda cikin dutse, don in wuta ta tashi a ciki ba mai shiga ya ciro mutane. Kowa ya zagaya ta bakin teku. Aka ƙara wa kowane direba tukunyar kashe gobara, aka tsayar da ma'aikaci da jar tuta a bakin ramin.

Mu direbobi muka sha zagi kamar mu muka yanke hukuncin. Ranar farko da hantsi na ɗauki Mista Alastair, wani dattijo mai keken guragu da nake kaiwa asibiti duk Talata. Yana ganin na kauce wa ramin ya ɗaga murya.

"Direba, yawon shan iska za ki kai mu? Da kin faɗa min na taho da ƙugiyar kamun kifi!"

"Baba, ka kai ƙara wurin magajin gari, ni aiko ni aka yi."

Motar ta ɗauki dariya. Ni dai raina a ɓace yake, haushin hukuma daban, na Semisi daban.

Mun wuce kasuwar kifi kenan na ji ƙaurin roba. Ina duba madubi na ga baƙin hayaƙi yana tuɗaɗowa daga bayan motar. Wata mata ta ƙwalla ihu. Na gangara gefe, na kashe inji, na buɗe ƙofofi duka.

"Ku sauka a hankali! Kar wanda ya tsaya ɗaukar kaya!"

Suka fita suna tari. Na fizgi tukunyar na zagaya baya, na juye ta tas, na ɗauko ta biyun ita ma ta ƙare, wutar ta lafa kaɗan ta sake tashi. Sai a lokacin na tuna da Mista Alastair. Na koma ciki da gudu. Ɗamarar da ke riƙe kekensa ta ƙi kwancewa, hayaƙi ya cika min ido.

"Fita abinki, 'yata," in ji shi.

"Yi min shiru, Baba."

Sai na ji an dafa kafaɗata an janye ni. Semisi ne, daga shi sai 'yar shara da gajeren wando. Ashe inda na tsaya ba nisa da ofishinsu, suna tsaye a bakin titi da kwalayen zanga-zanga suka hango hayaƙin. Ya yanke ɗamarar da wuƙa, ya sungumi dattijon kamar jariri ya yi waje.

Can sai ga jar motarsu tana gangarowa, ƙarti shida na tura ta, shugabansu Rawiri yana kan sitiyari yana masifa. Ta yi tari, ta tashi. Suka ja mesa, kafin ka ce me wutar ta mutu, sai tururi.

Na ƙirga fasinjojina da ido, ba wanda ko ƙwarzane ya yi. Na ɗaga kai na dubi dutsen. Da hanyar kullum na bi, da daidai lokacin muna tsakiyar ramin. Na zauna a bakin titi, kuka da dariya suka haɗe min.

Semisi ya tsuguna kusa da ni ya miƙo min shayi a murfin fulas.

"Kun karya yajinku," na ce.

"Wa ya faɗa miki? Hutun shan shayi muka ɗauka."

Suka naɗe mesarsu suka koma kan titi da kwalayensu. Hukuma ta turo wani bas ya kwashe mutanena, Mista Alastair yana ta mitar an sa ya makara. Da yamma magajin gari ya zo da kansa ya ga ƙonannen bas ɗin, ya daɗe a tsaye yana magana da Rawiri. Ba a rufa mako ba suka koma teburin sulhu, aka yi alkawarin sababbin motocin kashe gobara, aka janye yajin.

Ni kuma kamfani ya ba ni hutu. Na yi ta barci kamar wadda ta yi shekara ba ta runtsa ba.