Wayar Alhaji Ja'afaru a Cikin Langa

A watan Afrilun shekarar 2013 aka fara bai wa 'yan Nijeriya damar sauya kamfanin waya ba tare da sun rabu da lambarsu ba. Alhaji Ja'afaru, dillalin wake a Kasuwar Gombe, ya fi shekara goma yana jin labarin yana kawar da kai. Yana da dalili, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba.

A bayan shagonsa akwai wani lungu tsakanin buhuna, inda sabis ɗin kamfaninsa bai taɓa leƙawa ba. Nan yake shimfiɗa tabarma bayan azahar, ya yi barci har la'asar. Duk wanda ya kira, muryar matar nan ta kamfani ce za ta shaida masa cewa ba a samun lambar a halin yanzu. Matarsa, Hajiya Ruƙayyatu, ta san bambancin wannan da a ce mata waya a kashe take. Kashe waya laifin miji ne, kuma akan tuhume shi a kansa. Rashin sabis kuwa laifin kamfani ne. A gida dai abin da aka sani shi ne, a wannan lokaci Alhaji yana zagayen duba kaya.

Wata safiya Hajiya ta ce, "Alhaji, kamfanin nan naka ya ishe ni. Koma nawa."

"Hajiya, lambar nan fa har Onitsha an san ta. A jikin shago ma an rubuta ta da fenti."

"Ai ba taɓa lambar za a yi ba. Batul ta tambayo."

Batul 'yarsu ce, ita ta raka shi ofishin sabon kamfanin. Alhaji ya yarda ne domin ya ɗauka tunda lambar ba ta canja ba, halinta ma ba zai canja ba. Washegari, bai gama miƙe ƙafa a lungun ba, waya ta ɗau ruri. Hajiya ce.

"Alhaji, kana ji na? Kai, kamar kana tsakar gida!"

Haka aka yi ta yi. Hajiya ta kira a kan cefane, masu mota su kira, wani ɗan'uwa daga Katsina da aka daɗe da mantawa shi ma ya samu shiga. Da ya koma ofis neman a mayar da shi, sai aka ce sai wa'adin da hukuma ta gindaya ya cika.

Mutum ɗaya ne kiransa ya daina shiga yadda ya kamata: Malam Noah, amininsa, tsohon malamin kimiyya mutumin Kaltungo, wanda ya ci gaba da zama a tsohon kamfanin. Wani lokaci kiran ya shiga, wani lokaci ya maƙale a hanya. Saboda haka ya tako da ƙafarsa daga unguwar Malam Inna.

"Alhaji, ka yi hijira ba sallama! Na ga lamba ta gida, ashe mai ita ya tashi. Me ya sami idonka haka?"

Alhaji ya rufe ƙofa ya faɗa masa gaskiya. Malam Noah ya yi dariya har ya dafa buhu, sa'an nan ya nuna langar da ake kawo abincin rana a ciki.

"Ƙarfe ne wannan. Cinye tuwonka, goge ta, saka wayar, danna murfi da kyau. Na shekara talatin ina koyar da wannan, kai ne ɗalibi na farko da zai amfana."

Suka gwada. Malam Noah ya ari wayar maƙwabci ya kira, sai ga muryar matar nan, daɗi kamar kiɗa. Barci ya dawo. Hajiya ta fara cewa kamfanonin nan duk halinsu ɗaya.

Ranar wata Alhamis motar wake ta iso daga Dukku ana la'asar, Alhaji ya tashi a firgice ya shiga lodi, ya manta da wayar a cikin langa. Da yamma ya rataya langa ya kai gida da hannunsa. Hajiya ta buɗe za ta wanke. Wayar ta sha iska, ta shiga zubo sanarwar kiran da aka rasa, ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu nata.

Ta ɗaga wayar ta nuna masa.

"Alhaji, tun yaushe waya take cin miyar kuka?"

Ya zauna ya bayyana lungu da tabarma, ya kuma ambaci sunan Malam Noah fiye da yadda ya cancanta.

"Barci ne duk wannan? To, yi abinka. Amma daga gobe wayar tana wurina daga azahar zuwa la'asar."

Alhaji ya samu barcinsa, ba mai tashinsa. Sai dai duk wanda ya kira a wannan lokaci, daga Gombe har Onitsha, kiransa yana shiga tsaf, kuma Hajiya ce ke ɗauka ta ce, "Yana barci a bayan buhuna." Yanzu ko 'yan dako in za su wuce shagon da rana sai su sassauta murya, ɗayansu ya ce, "A hankali, Alhaji yana duba kaya."