Mai Maganin Yaya

Wata huɗu da rasuwar Yaya, na'urarsa ta wasan bidiyo ta fara ciwo. Fankar cikinta sai ta yi ta gurnani, jikinta ya ɗau zafi, can ta ɗauke da kanta. Auta, ƙanwarsa, ta kai ta wurin mai gyara. Ya buɗe, ya hure ƙura, ya girgiza kai. Ya ce in an yi sa'a za ta ƙara kunnuwa sau uku ko huɗu, daga nan sai dai a ɗora ta kan kabad.

"To a kwafe mini abin da ke ciki," in ji Auta.

"Ba ya kwafuwa. Mai shi wasan rai ɗaya ya zaɓa. Ba a fitar da shi daga na'urar, kuma in jarumin ya mutu sau ɗaya, komai ya goge."

Haka Yaya yake, Allah ya jiƙansa, mutum mai son wahalar da kansa. Wasan kashi uku ne, ana ɗauko jarumi daga na farko a wuce da shi har na uku, shi kuwa shekara tara yana jan mutum ɗaya bai bari an kashe shi ba. Kuma wai jarumi. Makin da wasan ke ba ka in ka ci yaƙi, wanda masu hankali ke zubawa a ƙarfin takobi da kaurin sulke, Yaya ya kwashe kaf ya zuba a haɗa magani da ɗaurin rauni. Sai ga wani siririn mutum da sanda da jakar ganye, yana bin bayan mayaƙa yana tashin waɗanda suka faɗi. Auta, wadda ita in ta riƙe wasa sara kawai ta sani, ta sha tsokanarsa da likitan ƙauye. Ya kai mutumin nan har ƙofar yaƙin ƙarshe, washegari aka kwantar da shi Yayan a asibiti.

Ranar Asabar da rana ta shiga ɗakinsa. Katifar tana jingine da bango, takalmansa na nan a jere, ga kujerar robar da ya ɗaure ƙafarta da waya. Ta zauna ta kunna. Siririn jarumin nan, Mai Magani, ya bayyana a talabijin, tsaye gaban wata baƙar ƙofa, daidai inda aka bar shi.

Ba ta danna komai ba, kallo kawai take. Ashe wasan yana koyon halin mai shi: in aka bar jarumi tsaye, abin da aka fi sa shi yi, shi zai yi da kansa. Mai Magani ya buɗe jaka ya duba ganyensa, ya rufe. Sannan ya waiwaya baya, a hankali, yana duba ko an bar wani a hanya.

Tsigar jikin Auta ta tashi. Waiwayen Yaya ne sak, wanda yake yi in za su tsallaka titi tun tana 'yar firamare. Ta ji tsoro, ta kuma ji daɗi, ta rasa wanne ya fi.

Kiɗan wasan ya jawo Mama daga tsakar gida. Ta ɗaga labule da hannu jiƙe da ruwan wanki, ta dubi kujerar, ta ga wadda ke kai.

"Au, ke ce," ta ce. Ta saki labulen.

Auta ta kira Dogo, abokin Yaya, wanda ya gama wasan nan har sau uku. Ya zo ya tsuguna gaban talabijin ya duba makin Mai Magani layi-layi, yana tsaki ƙasa-ƙasa.

"Na sha gaya masa. Yaƙin ƙarshe kai kaɗai ake shiga, ba abokan tafiya. Wa zai yi wa magani a ciki? Mai Gadin Ƙofar nan sara biyu zai yi masa."

"Shi ya yake shirin yi?"

"Wallahi ban sani ba. Cewa ya yi yana da dabara, bai faɗa mini ba."

"To ni ya zan yi, Yaya Dogo? In na bar shi na'urar ta mutu da shi a tsaye a nan. In na shiga a kashe shi a hannuna." Muryarta ta karye. "Ba zan iya ganin ya mutu sau biyu ba."

Dogo ya ce akwai hanya. A gangaren dutsen da baƙar ƙofar take akwai wata rijiya, jarumi ya sha ruwanta sau ɗaya a rayuwarsa, a dawo masa da makinsa duka ya sake rabawa yadda yake so. A cire daga magani a zuba a takobi, shi ke nan.

Ta gangara da shi. Da ta danna rijiyar, wani dogon rubutu ya cika talabijin. Fanka ta fara gurnani. Auta dama ba ta taɓa karanta surutun wasa ba, Dogo ma haka, su a wurinsu labari ɓata lokaci ne tsakanin yaƙi da yaƙi. Ta danna wuce, wuce, wuce, na yarda. Aikin shekara tara ta rushe shi a minti huɗu, Dogo na karanto mata inda za ta zuba kowane maki. Jakar ganye ta ɓace. Kafaɗu suka buɗe, sulke ya hau, ga takobi kusan tsawon mutum.

Ta ajiye abin dannawar don ta goge gumin tafinta. Jarumin ya dogara da takobinsa yana kallon gaba. Ta jira. Bai waiwaya ba. Amma na'urar ta riga ta yi zafi, ba lokacin tunani.

Yaƙin kam ta yi shi, a ba ta wannan. Mai Gadi ya ɗaga gatari, ta mirgina gefe ta sare shi a gwiwa. Ya watso wuta, ta ɓuya bayan ginshiƙi har ta lafa. Sau biyu ya same ta, jan layin rai ya ragu saura ɗan siriri kamar zare, Dogo ya kama kansa da hannu biyu. Ta bari ya sake ɗaga gatarin, ta shige ƙarƙashin hammatarsa ta soka. Ya durƙusa, ya zube ya zama toka.

"Ya rayu," in ji Auta, tana dariya hawaye na zuba. "Ka gani, ya rayu."

Saura abu ɗaya: wasan yana mayar da jarumi ƙauyen da ya fito tun kashi na farko, ya taka da ƙafarsa zuwa gida. Dogo ya ce shi duk sau ukun da ya gama, da kiɗa aka tare shi. Auta ta shiga ƙauyen. Ba kiɗa. Mutane na tsaye a ƙofofinsu suna leƙen hanya, suna duban bayan jarumin, ba shi ba. Wani yana riƙe da sandar guragu da ya daina amfani da ita, wata ta goyo yaro mai ɗauri a hannu.

A ƙofar gidan ƙarshe wata tsohuwa ce zaune. Auta ta danna ta. Rubutu ya fito, wannan karon ta karanta.

"Sannu da hanya, baƙo. Don Allah ba ka gamu da mai maganinmu ba? Wani siriri ne mai jaka. Shekara tara ke nan, ya ce mu jira shi zai dawo."

Dogo ya cire hularsa ya riƙe. Da ƙyar ya ce, "Ina jin abin da rijiyar ta rubuta ke nan. Wanda ya sha, za a manta da shi."

"Mu koma mu mayar masa da makinsa."

"Sau ɗaya ake sha, Auta."

Ta san haka, ai shi ya faɗa mata tun farko. Ba Mai Gadi ne ya kashe Mai Magani ba, ba kuma na'urar ba ce, ita ce da yatsanta, kuma wannan ya fi mata ciwo fiye da duk abin da ta ji tsoro. Fanka na ta gurnani. Ta sake danna tsohuwar ko za ta faɗi wani abu dabam. Tsohuwar ta sake tambayarta ko ta gan shi a hanya.