Hannun Wilf Garrod

Shekara uku ke nan Wilf Garrod bai sa sukari a shayi ba. Ba likita ne ya hana shi ba, cokali yake gudu. Da zarar ya fara juya shi a kofi hannun ba ya yarda ya tsaya, sai ya kamo shi da na hagu ya danne a kan tebur, mutane suna kallo.

Wannan hannu kuwa shi ne duk arzikinsa. A zamanin da fim bai koyi magana ba, da hannu ake juya kyamara, juyi biyu a kowace daƙiƙa, ba daɗi ba ragi. In hannu ya yi nawa, sai a ga mutane a majigi suna zabura kamar kaji. In ya yi gudu, sai a ga suna motsi a hankali kamar masu tafiya cikin barci. Duk masu ɗaukar fim na London babu mai daidaiton hannu irin na Wilf, shi ya sa ake ce masa Agogo. An taɓa fasa kwalba a bayansa don gwaji, hannun ko gezau. Dokar sana'ar kuma an koya masa ita tun kafin a nuna masa inda ake zura fim: ba ka tsayawa sai darakta ya ce tsaya. Ko rufin ɗaki ne ya rufto, kai dai ka yi ta juyi.

Kamfanin Heronfield, inda yake aiki, ba su san komai ba sai finafinan kisa. Mutum a bayan labule da wuƙa, mace ta daskare a kan matakala, ɗan sanda ya iso a makare. Kuma kowane fim yana bukatar wanda zai faɗo daga bene ko gada a madadin ɗan wasa, don ita fuskar ɗan wasa tsada gare ta. Wannan aikin Clem Dowsett ne, ɗan masu kwale-kwale daga Brentford, mai faɗin kafaɗa da shegen surutu. Matarsa Hetty tana ɗakin haɗa fim, inda mata ke zaune da farar safar hannu da almakashi da gam.

Ranar da abin ya faru hantsi ne, cikin Nuwamban 1926, hazo ya kwanta a kan kogin Thames.

"Agogo," in ji Clem, yana ɗaure maɓallan wata ƙatuwar kwat ta mugun da ke cikin fim ɗin, "yau mutuwata ta ashirin da uku. Ka ɗauke ni da kyau don Allah, wancan karon rabin kaina ka yanke."

"Kan naka ne ya ƙi shiga kyamara."

"Baƙin ciki dai! In na fito kai za ka sayi giya."

Tsarin ba wuya. Clem zai faɗo daga jirgin dakon kwal, ya taso sau uku yana fafutuka, ya nutse, ya bi ta ƙarƙashin ruwa ya ɓullo bayan jirgin inda aka rataya igiya. Kwale-kwalen ceto yana ɗaure a bayan Wilf, mutum biyu a ciki suna zuƙar taba, an gargaɗe su kada su motsa sai an kira su, don kada su shiga hoto. Darakta, Mista Lumley, yana can kan gaɓa da bututun magana, ba ya ganin komai cikin hazon sai inuwa. Wilf ne kaɗai ke kan dandamalin da ya shiga ruwa, shi kaɗai ke ganin fuska.

Clem ya faɗa. Ya taso sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai ya taso na huɗu, kwat ɗin ta sha ruwa tana jan shi ƙasa.

"Madalla!" in ji Lumley daga gaɓa. "Juya, Garrod! Juya!"

Wilf ya yi ta juyi.

A zaman bincike aka tambaye shi abin da ya gani. Ya ce bai gane ba, ya ɗauka wasa ne, marigayin ya iya wasa. Kowa ya yarda, aka rubuta hatsari.

Shi kansa ya kusa yarda, sai da aka wanke fim ɗin aka haska. Tasowar farko da ta biyu da ta uku suka wuce daidai. Daga ta huɗu sai ruwan ya yi nauyi. Hannun Clem ya ɗago a hankali, ɗigon ruwa yana sauka daga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa yana buɗewa kamar ba zai gama buɗewa ba. Lumley ya miƙe tsaye cikin duhu.

"Garrod, ashe kai shaiɗani ne! Wa ya koya maka wannan?"

Babu wanda ya koya masa. Hannunsa ne ya yi gudu, hannun da fashewar kwalba ba ta firgita ba. Hannu kuwa ba ya firgita sai mai shi ya firgita. Ya gane tun a tasowa ta huɗu, ya gane sarai, kuma bai yi ihu ba. Ƙaryar da ya yi gaban mai bincike tana nan a rubuce a jikin fim, duk wanda ya iya karatun fim zai karanta.

Lumley, da yake kunya ba ta cikin kayan aikinsa, ya sa wurin cikin fim ɗin. Jaridu suka yaba, suka ce sabuwar dabara ce. Mutane suka yi layi a ƙofar silima cikin ruwan sama don su ga mugu yana nutsewa a hankali, su dawo gida tsigar jikinsu a tashe. Wasu daraktoci suka roƙi Wilf ya yi musu irinta, ya ce ya manta yadda ya yi.

Bai manta ba, abin ne ya ƙi barinsa. In an ajiye bokitin ruwa a wurin ɗauka, ya leƙa ta kyamara, sai ya ga ruwan ya yi nauyi, yana motsi a hankali. Akwatin kyamarar tasa yana warin kogi, ya wanke da sabulu ya shanya, warin yana nan. Wani lokaci yana zaune a bas sai ya lura matar da ke kusa da shi ta tsura wa cinyarsa ido, ya duba ya ga hannun yana juya iska.

Abu ɗaya ya riƙe shi. An ce masa kamfani ya ba Hetty hutun mako biyu lokacin rasuwar, wata ce ta haɗa wurin, kuma ita ba ta taɓa shiga silima ta kalla ba. Ya fara da kai mata buhun kwal har bene na uku. Ya gyara mata taga, ya kai kujera wurin kafinta. Da farko nauyin laifi ne ke hawa da shi matakalar nan, daga baya kuma so ne, so na gaske, irin wanda ke kama mutum ya haura arba'in ya mai da shi wawa. Da bazarar 1929 ya nemi aurenta. Ta daɗe tana kallon hannunsa, sannan ta ce to. Aka sa rana a cocin Brentford.

Saura mako uku a ɗaura auren, fim mai magana ya ci kasuwa, kowane kamfani ya ruɗe. Aka kawo kyamarori masu inji, ba sa bukatar hannun kowa. Lumley ya shigo ɗakin cin abinci yana murza hannu, ya ce za a fito da tsohon fim ɗin nan na kogi a sa masa kiɗa da ƙarar ruwa, a nemo mai murya ya yi ihun nutsewar.

"Misis Dowsett ce shugabar ɗakin haɗawa yanzu," in ji shi. "Ita za ta auna mana tsawon wurin."

Wilf ya ture farantinsa. Hetty takan ɗaga fim a hasken taga ta karanta shi yadda wasu ke karanta jarida. Ba sai ta haska ba, a yatsunta za ta ji inda hannunsa ya yi gudu.

Fim kuwa abu ne mai son wuta, ashana ɗaya ta ishe shi. Washegari da azahar, da mata suka fita cin abinci, ya tsallaka tsakar kamfanin zuwa ɗakin ajiya da ashana a aljihu. Ya bi gwangwanayen fim ɗin kogin da yatsa. Na ɗaya zuwa na biyar suna nan, na bakwai yana nan. Gurbin na shida ƙura ce kawai da zagayen inda ya zauna.

A ƙaramin ɗakin haska fim ya sami Hetty, tana zaune da safar hannunta, gwangwani na shidan a buɗe a kan cinya. Ta riga ta zura fim ɗin a wani tsohon majigi na hannu.

"Shigo, Wilf. Ajiye ashanar a waje, ka san doka."

Ya ajiye.

"Tsawon wurin ƙafa arba'in ne," in ji ta. "Ba sai na auna ba. Wa ya ce maka wata ce ta haɗa? Hutun mako biyu! Kwana huɗu na yi na dawo. Mijina ne a ciki, zan bar wata ta sa masa almakashi?"

"Tun lokacin kika sani?"

"Tun lokacin."

"To me ya sa kika... kwal ɗin, da zoben..."

"Kwal ina bukata, sanyi ake yi." Ta shafa gwangwanin. "Ba mu taɓa ɗaukar hoto ba, ni da Clem. Kullum sai ya ce ai yana cikin fim ashirin. Bayansa ne a ciki, Wilf, da ƙafafunsa suna faɗowa. Nan ne kaɗai fuskarsa ta fito. Da hannunka bai yi gudu ba, da ƙafa ashirin zan samu. Tsoronka ya ba ni arba'in. Na tsane ka saboda su, kuma duk mako sai na ɗauko su na duba. Sannan ka zo kana gyara mini taga, na wayi gari ina jiran takunka a matakala. Na ce zai faɗa. Kafin zobe zai faɗa. Kafin coci zai faɗa. Sai ga ka da ashana."

"Hetty, doka ce. Lumley yana cewa juya..."

"Na san dokar, a nan na tsufa. Ba ita na tambaye ka ba." Ta nuna majigin da haɓa. "Duk Ingila sun ga mutuwar mijina a hankali, kamar rawa. Ni kaina haka na gan ta. Ina so in ga yadda ta faru da gaske, kafin Lumley ya liƙa masa muryar wani. Na gwada, ban san saurin ba. Hannunka ne kaɗai ya sani."

Ya so ya ce ba zai iya ba. Amma yana kama mariƙin majigin, hannun ya ɗauka da kansa, kamar dama shekara uku abin da yake nema ke nan. Kogi ya fito a jikin bango, da hazo, da jirgin kwal. Juyi biyu a daƙiƙa. Clem ya faɗa, ya taso, ya taso, ya taso. A ta huɗu hannun ya zabura, ba Wilf ne ya sa shi ba.

Babu rawa a ciki. Mutum ne kawai cikin ruwan sanyi, yana dukan ruwa da sauri, idonsa tsaye a kan kyamara. Bakin da a silima yake buɗewa ba ma'ana, yanzu ko yaro zai karanta shi. Kalma ɗaya ce, yana ta maimaita ta. Wilf. Wilf. Wilf.

Hetty tana ƙirge a hankali, leɓɓanta suna motsi. Da ruwan ya rufe ta ce, "Ashirin." Daƙiƙa ashirin. Su biyun sun san kwale-kwalen ceto tafiyar daƙiƙa goma ce tsakaninsa da wurin.

"Na ji shi," in ji Wilf. Muryar ba tasa ba ce. "Sunana yake kira. Na ji, na gane, ban tsaya ba."

Fim ya ƙare, bango ya zama fari fat. Jelar fim ɗin tana ta dukan ƙarfe, fat, fat, fat, domin hannun bai daina ba. Yana kuka yana juyawa, ya kasa ko kamo shi da na hagu.

Hetty ta cire safar hannunta. Ta zare zoben, ta sa a cikin gwangwanin da babu komai, ta rufe, ta ajiye masa a kan kujera. Sannan ta taso ta tsaya kusa da shi. Ta ɗora tafinta a kan hannunsa, da ɗumi, ta danne.

"Tsaya," in ji ta.

Hannun ya tsaya.

Ta kwance fim ɗin, ta naɗe shi da kanta, ta rungume shi a ƙirji ba gwangwani, ta fita. Wilf ya zauna yana kallon hannunsa kwance a kan gwiwa, shiru, ba motsi. Ta taga yana jin mata suna dawowa daga cin abinci suna dariya, can ciki kuma wani yana gwada sabon injin kyamara.