Goro da Haƙorin Makkan Alhaji Barau

Shekarar da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika kasuwa, Barau na Ketare ya sayar da audugarsa ya sauke farali. Ya dawo da rediyo, da agogo mai ƙararrawa, da haƙorin Makka guda ɗaya a sama, gefen dama. Duk cikin tsarabar, haƙorin nan ya fi kwanta masa a rai.

Kwana uku yana zaune a zaure ana zuwa yi masa barka da sauka. Ya yi ta murmushi har kumatunsa suka yi tsami, amma ba wanda ya tanka haƙorin. Shekara talatin yana cin goro, ga kuma baƙin shayin da ya koyo a Jidda, don haka haƙoransa duk sun rine, wani ja, wani ruwan ƙasa, zinariyar ta ɓace a cikinsu. Wani tsoho ma da ya ƙura masa ido, shawara ya ba shi ya sakace, wai ƙwayar masara ta maƙale masa.

Ya shiga gida ransa a ɓace, ya kai kuka wurin matarsa Saudatu. Ita ma fa mai son goro ce, sai dai ba ta samun komai sai ɓarin da ya kwana a aljihunsa. Ta sa ya buɗe baki, ta leƙa, ta girgiza kai.

"Alhaji, ai har ya fara. Ba su gaya maka ba a can? Zinariya in ta sha ruwan goro, tagulla take komawa. Haka ta faru da wani a Ruwan Godiya."

Babu wani a Ruwan Godiya, a nan take ta ƙago shi. Amma Alhaji ya tsorata, ya rantse shi da goro har abada. Ya kama asuwakin darbejiya safe da yamma, ya haɗa da gawayi da gishiri, ya hau keke har Kankara ya sayo makilin da burushi. Cikin wata biyu haƙoran suka washe, zinariyar ta fito, mutane suka fara tambayarsa ko nawa aka sa masa. Sai dai kuma ga ciwon kai, ga gyangyaɗi ana tsakiyar hira. Duk goron da aka ba shi a wurin suna ko ɗaurin aure, gida yake kawowa ya miƙa wa Saudatu, ta karɓa da hannu biyu ta ce za ta rabar wa maƙwabta. Maƙwabtan nan tukunya ce a bayan gadonta, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu.

Wata ranar kasuwa ya je Sabuwa sayen masara, ya tsaya inuwar rumfar wani dattijo mai sayar da goro, Alhaji Nata'ala. Dattijon na tauna, haƙoran Makka biyu na walƙiya a bakinsa. Alhaji Barau ya daure ya tambaye shi yaushe aka sa masa. Ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan. Da dattijon ya ji labarin tagulla daga bakin Alhaji Barau, ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce zinariya ba ruwanta, haƙoran da ke maƙwabtaka da ita ke rinewa, kuma maganinsu kurkure baki da ruwa bayan goro ko shayi, da rage yawan ci, da riƙon asuwaki. Ya tambayi wanda ya faɗa masa wannan magana. Alhaji Barau ya ce wani malami ne. Ya sayi farin goro ya cinye a tsaye, ya kurkure.

Da ya iso gida ya tarar da Saudatu na tankaɗe, leɓenta jawur. Ya zauna a kan turmi, ya yi ajiyar zuciya.

"Maganarki gaskiya ce, masana sun tabbatar mini. Har ma sun ce ƙanshinsa kaɗai ya isa. Daga yau goro ba ya kwana gidan nan."

Saudatu ta ajiye rariyar. In ta musa, ta ƙaryata kanta. Tana kallo ya zagaya bayan gado kamar wanda aka yi wa kwatance, ya ɗauko tukunyar ya raba wa maƙwabta na gaskiya, suna ta sa masa albarka.

Kwana huɗu ta daure. Ta zuba gishiri sau biyu a miya, ta yi faɗa da akuya. Shi kuwa yana dawowa daga majalisa fes, ya ci goronsa a can ya kurkure, fuska a sake, yana tambayarta ko jikin ne. A rana ta biyar ta durƙusa gabansa ta ce tana da magana, amma sai ya yi alkawarin ba zai yi fushi ba. Ya bar ta ta faɗa tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai kamar bai taɓa ji ba. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da goro guda, ya ɓare, ya auna ɓarin biyu a tafinsa, ya miƙa mata ƙaramin. Ta karɓa, ta tashi ta ɗebo musu ruwa a moɗa.