Wane Ne Murray Guy?

Inaya ta murɗa hannun na'urar duba tsofaffin takardu, hoton wata tsohuwar takarda ya gilma a allo, ta ja tsaki ƙasa-ƙasa don kada ma'aikaciyar ɗakin adana tarihi ta ɗago kai. Tun da safe ta baro ɗakinta a unguwar Fallowfield ta Manchester, ko shayi ba ta kurɓa ba, ta tsallake lacca ba tare da ko ɗar ba. Ran Lahadi kakanta Malam Iliasu zai koma Kumasi, kuma likitocin Edgbaston ba su ɓoye masa ba: in ya tafi, zuciyar nan ba za ta sake kawo shi Ingila ba. Abu ɗaya tsohon yake so kafin ya hau jirgi, ya tsaya a kan kabarin kakansa Gimba ya yi masa addu'a, kamar yadda mahaifinsa ya bar masa wasiyya.

Shi Gimban nan, sama da shekara ɗari ke nan ya shiga jirgin ruwa a Sekondi yana aikin zuba gawayi a injin, ya bar matarsa Kulsum da goyo. Labari na ƙarshe da aka ji, an ce an gan shi a Manchester. Daga nan shiru kake ji.

Inaya ta nemi Gimba, ta nemi Jimba, ta nemi Kimba, har idonta ya fara yaji. Sai jiya, a takardun ƙidayar 1911, ta ci karo da wani Jim Barr, ma'aikacin jirgi, haifaffen Gold Coast, wato tsohon sunan ƙasarsu, ɗan haya a Salford da ke maƙwabtaka da Manchester. Ta furta sunan da sauri sau uku, ta ji Gimba ya fito ɓaro-ɓaro, ta daka tsalle a kan gado har maƙwabciyarta ta buga bango. Yau kuwa takardar auren Jim Barr ta watsa mata ruwan sanyi. A gurbin sunan uban ango an rubuta wani suna na Turawan Scotland.

Ta fita baranda ta kira gidansu da ke can Sparkhill. Mahaifiyarta Salimatu ta ɗauka, amma kafin ta gama sallama tsohon ya riga ya ƙwace wayar.

"Amarya, ina labari? An samo mini shi?"

Haka yake kiranta tun tana rarrafe, kuma haka yake yi wa Hausarta dariya, wai in ta buɗe baki kamar mai tauna dankali da zafi.

"Kaka, sorry, ba shi ba ne. Wrong man. Baban wannan Bature ne, sunansa Murray Guy."

"Marigayi wa?"

"A'a, Kaka, Murray Guy."

"Na ji, marigayi. Marigayi wa? Ai mutum ba ya zama marigayi ziƙau, sai da suna."

Inaya ta buɗe baki za ta sake gyara masa, sai ta tsaya cak. Ta koma ciki a guje, wayar na manne a kunnenta, ta manta da dokar shiru. Ga shi nan kuwa, bayan Murray Guy akwai kalma ta uku da tawada ta ɗan dame, wadda ɗazu ta yi wa kallon banza.

"Newroo," ta karanta. "Kaka, akwai Newroo!"

"Nuru! Marigayi Nuru mai goro! Allahu akbar! Salimatu, ina hulata? Ina takalmina?"

Ashe magatakardan ya tambayi ango sunan ubansa, angon ya amsa da ladabi irin na gida, shi kuwa Bature ya rubuta abin da kunnensa ya ba shi. Inaya ta yi ihun da ya sa masu bincike duk suka waiwayo. Ma'aikaciyar ta taso da niyyar tsawatarwa, da ta ji labarin sai ga ta ta jawo kujera, ita ma zumuɗi ya kama ta. Tare suka bi sawun Jim Barr. Matar da ya aura, Ellen, ta rasu wajen haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Shi kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi a gidan gajiyayyu, inda hukuma take tara waɗanda ba su da kowa tana sa su aiki a bakin abinci. A can ya cika, aka binne shi a babbar makabartar gari.

Kafin la'asar jirgin ƙasa ya sauke Malam Iliasu da Salimatu a Manchester. Tsohon da kullum ake lallaɓawa ya hau bene, yau shi ne a gaba da sandarsa, Salimatu na bin sa tana, "Baba, a hankali mana, likita ya ce ban da sauri!"

A cikin tasi Inaya ta faɗa masa maganar auren, tana satar kallon fuskarsa. Ya girgiza kai.

"Hm. Kaka Kulsum tana can tana hana kanta aure, shi yana nan da farar mace. Wallahi da ina da hali sai na ja masa kunne." Ya share ido da gefen rawani. "Amma ya ce marigayi. A gaban Bature, a ƙasar da ba mai jin sa, bai kira sunan ubansa gatsau ba."

Wani ma'aikacin makabarta ya raka su da taswira har ƙarshen fili, ya nuna musu wuri, ya ba Inaya 'yar takarda, ya koma. Babu dutse, babu tudu, ciyawa ce kawai shimfiɗe da ruwan sama ya jiƙa. Murnar Inaya ta tsinke, ta ji tausayin kakanta ya kama ta, don ta riga ta karanta takardar.

"Kaka, common grave ne. Kabari ɗaya, mutum goma sha huɗu a ciki."

"Shi yana ta ina?"

"Ba a rubuta ba. Babu wanda ya sani."

Salimatu ta kama hannun mahaifinta, tana tsoron kada ya yanke jiki. Shi kuwa ya daɗe yana kallon ciyawar. Can ya tuɓe takalmi, ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasa da safa, ya miƙa wa 'yarsa sandar.

"Amarya, akwai sunayen sauran?"

"Akwai. Amma Kaka, duk Turawa ne."

"Su ya samu da ba mu zo ba. Karanto mini su."

Inaya ta ɗaga takardar, ta gyara murya.

"Albert Hulme."

"Alabar Hamu," in ji Malam Iliasu, ya ɗaga tafukansa sama. "Na gaba."