Jar Fata a Bayan Hedifon

Hedifon biyu na dawo da su daga Turkiyya, bayan shekara bakwai ina karatun injiniya. Ba irin na kasuwa ba ne da ake soka wa waya. Manya ne masu rufe kunne duka. Ɗaya baƙi ne, bayansa a toshe ruf. Ɗayan kuma bayansa ragar ƙarfe ce, kana hango cikinsa, sauti na fita ta nan, iska na shiga.

Saboda kaset ɗaya na saye su. An ɗauke shi ranar sunan ɗan farin yayata Sa'adiyya, a tsakar gidanmu na Sabon Birni, da rikoda mai bakin ɗauka biyu, hagu da dama. Na juye shi a kwamfuta. Minti goma sha ɗaya ne na kiɗan ƙwarya da waƙar mata, kuma cikin masu amshi akwai Inna. Ta rasu ina shekara ta biyar a can. Sai da aka rufe ta labari ya iske ni. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a nan.

Sati uku ina gwada su bayan la'asar. Baƙin yana da nauyi, dukan ƙwarya har a haƙori kake jin sa. Ba ka jin injin niƙan maƙwabta, ba ka jin awaki. Amma yana tattara matan nan ya cusa maka su a tsakiyar kai, murya goma ta koma ɗaya. Mai raga ba ya hana komai shiga, ko kaza ta yi kuka za ka ji. Sai dai shi buɗe tsakar gidan yake yi. Mai ba da waƙa tana gaba, ƙwarya tana dama. A minti na shida, daga hagu, can baya wajen randa, Inna tana shigowa amshi a makare kaɗan, ta yi tari sau ɗaya, ta ci gaba. A baƙin na neme ta har na gaji, babu ita. Gwaji ya ƙare. Ban gaya wa kowa ba.

Ran nan ina cikin saurare Zayyanu ya ɗaga labule. Ɗan Gwaggo Kande ne, ƙanwar Baba, wato taubashina. Kabu-kabu yake yi tsakanin Sabon Birni da Kurawa. Tun muna yara duk abin da ya gani nawa ya so ya ɗauka, hula, takalmi, agogo, kuma ba inda za ka kai ƙara. Wasa ne.

Ya dubi wanda ke kaina, ya dubi baƙin a kan tebur.

"Bawana, kai ɗaya, kunne biyu, tukunya huɗu? Mi kaka dahwawa?"

"Fita, Zayyanu."

"Wanga na kanka ai ya mutu. Tun daga zaure nike jin matan da ke ciki. Yoyo shikai."

"Haka aka yi shi."

"Haka aka cuce ka dai. Shekara bakwai ga boko, an sayar ma da rariya."

Ya sa yatsa ya ƙwanƙwasa ragar. Na buge hannunsa. Ya fita yana dariya.

Washegari na tafi garin Isa aikin famfon sola, na kwana biyu. Da na dawo baƙin yana inda na bar shi, mai raga babu. Na iske Baba a zaure.

"Baba, wa ya shiga ɗakina?"

"Zayyanu na. Yac ce kada ka damu."

"Kuka bar shi?"

"In hana taubashi ɗaukar kayan taubashinai? Ina ka taɓa jin haka?"

Na kira wayarsa sau tara bai ɗauka ba. Na je tashar babura aka ce ya yi Kurawa. Na koma gida ina ta lissafa yadda zai rataya shi a wuya ya bi hanya da shi cikin rana da gumi. Har na shirya wa wannan. Ban shirya wa abin da ya zo da shi ba.

Ranar kasuwa da hantsi ya shigo zaure tare da Gwaggo Kande, da ƙunshi a hannu. Ya tsuguna gaban Baba ya kwance a hankali, yana kallona.

An lulluɓe bayan kunnuwan biyu da jar fata. An yi ɗinkin kore da baƙi a kewaye, an sa tauraro a tsakiya, har da 'yan tuntaye suna reto. Ragar ta ɓace.

"Hamza baduku na kai ma," in ji Zayyanu. "Kwana biyu yana kai. Sai da yas sa gam ya liƙe, sannan yaɗ ɗinke. Yanzu ko aljani ba shi jin abin da kaka ji. Ka ga bawan da ubangidansa ke yi ma hidima?"

"Kai, ya yi kyau," in ji Gwaggo. "Kamar jakar ango."

Na ɗauka na shiga ɗaki na jona. Sautin ya fito kamar an kifa wa matan tukunya. Na sa reza na yanke ɗinkin, na ɓamɓare fatar. Na dama ya tsira, gam ne kawai a bakin raga. A na hagu basilla ta wuce ta huda 'yar fatar ciki mai ba da sauti, gam ya bi hujin ya daskare. Na kunna. Hagu ba ya cewa komai sai zizar ƙuda.

Na fito da shi a hannu, fatar tana lilo.

"Wa ya ce ka gyara mini?"

"Ji ɗan banza," in ji Zayyanu, "ka yage aikin Hamza?"

"Na ce maka haka aka yi shi. Da bakina na gaya maka. Wane irin kai ne da kai da ba ya ɗaukar magana?"

"Illo," in ji Baba. "Ba a hushi da taubashi."

"To ni na yi."

Gwaggo ta daina dariya. "Kan abin kiɗa za ka tozarta ɗan'uwanka gaban uwatai? Ba ga wani can gare ka ba?"

"Wancan ba shi da Inna a ciki."

Suka dube ni. Dole na yi bayanin da ban so yi ba: kaset ɗin suna, minti na shida, hagu, tari. Ina faɗa ina jin yadda maganar ke zama wauta a bakina, abin ya ƙara ƙona ni.

Baba ya daɗe yana jan carbi. "Innarka tana kabarinta. In kana son ta, ka yi mata addu'a. Ba a neman mamaci cikin waya."

"Ku kun gan ta, Baba. Kun ji abin da ta ce na ƙarshe. Ni wannan aka bar mini."

Zayyanu ya miƙe. "Wallahi, Illo, ban sani ba. Za ni koma ma Hamza, ko shi—"

"Ka sake taɓa shi sai na karya maka hannu. Ba wasa nake ba."

"Subhanallahi," in ji Gwaggo. Ta ja mayafi ta fita. Na san kafin azahar dangi duka za su ji cewa ɗan marigayiya Kadijatu ya dawo daga ƙasar waje bai san wasa ba. Su ji.

Babu mai gyaran irinsa a Sakkwato, balle nan. Da la'asar na buɗe kwamfuta na juya sautin, na mai da hagu dama. Na cire wayar kunnen da ya mutu. Na tura zuwa minti na shida.

Tana nan. Ta shigo a makare, ta yi tari. Amma da kunne ɗaya tsakar gidan ta rufe, kuma Inna tana dama, inda turken awaki yake. Ba ta taɓa tsayawa can ba.

Babur ya tsaya a ƙofar gida. Zayyanu ya zo bakin labule ya yi sallama, ba "bawana", ba dariya. Mai raga ba ya hana komai shiga, na ji shi sarai. Ya sake yi. Ya yi ta uku.

Na mai da waƙar minti na shida.